Tafiyar da Duna Ya Yanke Mana

Hanyar ƙafa da ake kira West Highland Way tana tashi daga garin Milngavie, a gefen birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, ta ƙare a Fort William. Tsawonta kilomita 154 ne, kuma an buɗe ta a shekarar 1980. Mafi yawan masu binta suna gama ta cikin mako guda. Ni da maiɗakina mun ware mata kwana takwas a farkon watan Yuni, saboda ba mu kaɗai ba ne. Akwai Duna, tsohon karen kiwo mai shekara goma da muka karɓa daga hannun wani manomi bayan ƙarfinsa ya ragu, akwai kuma Zabuwa, ƙaramar karya mai ɗigo-ɗigo a jiki.

Na san tambayar da za ta fara zuwa wa mai karatu. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai umarni ne da ake bi don ibada. Duk da haka maiɗakina ta kafa doka tun kafin mu fita: karnuka za su kwana a zauren tanti, cikin ɗaki kuwa inda muke salla ba su da hurumi. Kwanonsu daban, namu daban. Ba a karya wannan doka ko sau ɗaya ba.

Dokar ƙasar ma tana da nata sharuɗɗa. Wata doka ta 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa mafi yawan filayen Sikotlan da kafa tanti a daji, muddin bai yi ɓarna ba. Amma a wasu sassa na gabar tafkin Lomond, daga Maris zuwa Satumba, sai da takardar izini ko a wurin da aka keɓe. Batun tumaki ya fi wannan tsanani: tun 2021, wanda karensa ya far wa dabbobin kiwo zai iya fuskantar tarar da ta kai fam 40,000, ko ɗaurin shekara guda. Shi ya sa muka jira lokacin haihuwar tumaki ya wuce, kuma igiya ba ta rabu da wuyan Zabuwa ba duk inda muka hangi garke.

Tafiya da kare tana canza lissafin kaya. Abincinsa yana ƙaruwa domin aikinsa ya ƙaru, kuma wani ne zai ɗauka. Zabuwa ta ɗauki nata a 'yar jakar baya, na Duna kuwa ya hau kaina. Kowace yamma, kafin a dora tukunya, sai mun bi jikinsu da yatsu muna neman kaska, sannan mu duba tafin ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Muna yin haka cikin gajimaren wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke fitowa idan iska ta kwanta. Sunansu a bakin mutanen ƙasar yana kama da kalmar "miji" a kunnen Bahaushe, kuma maiɗakina ba ta bari wannan dama ta wuce ta ba.

Sashe mafi wuya shi ne gabar tafkin daga Rowardennan zuwa Inverarnan, inda hanya ta zama duwatsu da saiwoyin itatuwa, ana hawa ana sauka. A can ne, a rana ta uku, na ga Duna yana ɗan sassauta ƙafar gaba ta dama. Da yamma na duba, na ga fatar tafin ta fara tsagewa. Na shafa magani, na sa masa takalmin karnuka, na yi shiru. Na gaya wa kaina ƙaramin abu ne, ba sai na tayar mata da hankali ba. Gaskiyar kuwa ita ce, na shafe wata shida ina shirya wannan tafiya, kuma na san abin da za ta ce.

Abin da ya kamata duk mai tafiya da kare ya sani shi ne, kare ba ya neman hutu. Mutum idan ya gaji zai zauna ya yi ƙorafi. Karen kiwo an yi renonsa ne don ya ci gaba da aiki, saboda haka muddin ubangidansa yana tafiya zai bi, ko da jini na zuba. Shi ba zai tsaya don kansa ba, sai an tsaya masa.

A rana ta biyar muka isa Bridge of Orchy, mun ci kimanin kilomita 96. A bakin kogi ta cire takalmin don ta wanke masa ƙafa, ta ga tsagar ta buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago kai.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Shekaranjiya," na ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce raunin kare zai warke, amma ita tana so ta san wane abu kuma zan ɓoye mata idan na ga zai hana ni isa inda nake so. Na kawo hujjoji: saura kilomita 58 kacal, za mu rage sauri, zan ɗauke shi a wuraren wuya. Ta buɗe taswira ta nuna mini abin da ke gaba. Fadamar Rannoch ce, kusan kilomita 15 babu gida babu mafaka, a kan tsohuwar hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu. Bayanta kuma ga hawan da ake kira Matakalar Shaiɗan, wuri mafi tsawo a hanyar, kimanin mita 550. Duna kuwa nauyinsa kilo 20 ne.

A daren ba mu yi hira ba. A Yunin Sikotlan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10, saboda haka ko duhun da mutum zai ɓoye fuskarsa babu. Da asuba na ba ta haƙuri, na naɗe tanti.

Akwai tashar jirgin ƙasa a Bridge of Orchy, kuma layin yana ratsa fadamar Rannoch kafin ya sauka Fort William. Haka muka isa ƙarshen hanyar a zaune, Duna yana barci a kan ƙafarta, ni kuma ina kallon fadamar ta taga.

Ƙafar ta warke cikin mako uku. Da shekara ta zagayo muka koma Bridge of Orchy da Zabuwa kaɗai, muka bar Duna wurin maƙwabta. Da muka hau hanyar duwatsun nan, tafin ƙafata ya yi ta zogi duk da takalmi mai kauri. Maiɗakina tana gaba, ba ta waiwayo ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mun kai Fort William a rana ta uku.