Suna ko Kuɗi? Abin da Na Gani a Kan Teburin Sunuka

Mai karatu, da za a ce ka zaɓi ɗaya, a san ka ko ka samu, wanne za ka ɗauka? Na san za ka ce duka biyun kake so, tunda a yawancin sana'o'i suna ne ke jawo kasuwa. Tela in ya yi suna, ɗinki sai ya ture. Jarumin fim in ya yi suna, furodusoshi ke bin sa har gida. To amma akwai wata harka da suna ke kashe wa mutum kasuwa, ita ce cacar sunuka irin wadda 'yan Amurka ke yi. A can, ranar da aka san ka, ranar abincinka ya fara ƙarewa.

Kafin wani ya ce na zo tallar caca, bari in share fage. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri guda. Abin da ya ja ni ga maganar finafinai biyu ne da na kalla na sake kalla, da kuma tarihin wasu mutane na gaske da suka yi rayuwar da finafinan suka nuna.

Wasan da nake magana a kai shi ne wanda Amurkawa ke kira pool, mu kuma a nan duk mun haɗa mun ce sunuka: teburi mai ramuka shida, sanda, da ƙwallaye. Ɗan cacar da ya ƙware ba ya zama gari ɗaya. Zai shiga garin da ba a san shi ba, ya sami ɗakin wasa, ya riƙe sanda kamar yau ya fara gani. A ci shi dala biyar, a ci shi goma, yana tsaki yana zargin teburi. Sai zuciyar 'yan gari ta buɗe, su ce yau Allah ya kawo mana banza. In kuɗi suka yi tudu sai ya fara ci, shi ma a hankali, kamar sa'a ce kawai ta faɗo masa. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi. Jarinsa gaba ɗaya shi ne rashin sanin da aka yi masa. Da zarar an gane shi, ko dai a ƙi wasa da shi, ko a ce sai ya ba da rata, wato a sauƙaƙa wa abokin karawarsa sharaɗin ci. Gwargwadon sunanka, gwargwadon ratar da za a nema a wurinka.

Wannan duniyar ce marubuci Walter Tevis ya saka a littafinsa The Hustler a 1959, darakta Robert Rossen kuma ya mai da shi fim a 1961. Paul Newman ne ya fito a matsayin Eddie Felson, saurayi mai hannun baiwa. A farkon fim mun gan shi da abokinsa Charlie suna yi wa mutanen wata mashaya irin dabarar da na faɗa, yana tangaɗi kamar ya bugu, har ya kwashe musu kuɗi. Da a haka ya tsaya, da ya ci gaba da cin abincinsa shiru. Amma Eddie so yake a ce babu kamarsa. Don haka ya tafi neman Minnesota Fats, gwanin gwanaye, wanda Jackie Gleason ya fito a matsayinsa.

Suka fara da dala 200 kowane wasa, suka kai dala 1,000. Bayan awa 25 suna abu ɗaya, Eddie ya ci dala 18,000. Charlie ya roƙe shi su tashi. Ya ƙi. Shi ba zai tashi ba sai Fats ya furta da bakinsa cewa an fi shi. Fats kuwa sai ya je ya wanke fuska da hannu, ya gyara riga, ya shafa hoda a tafi, ya dawo fes kamar yanzu za a fara. Eddie ga gajiya ga giya, ya zubar da kuɗin nan kaf, sai dala 200 ta rage. Ka ga mutumin da kuɗi suka zo hannunsa, ya mayar da su don neman kalma ɗaya daga bakin wani.

Bai daddara ba. Daga baya ya shiga wani ƙaramin ɗakin wasa, wani yaro ya yi masa rashin kunya, zuciya ta ɗebe shi ya nuna ainihin iyawarsa. 'Yan wurin suka gane ɗan damfara ne, suka ja shi gefe suka karya masa manyan yatsu biyu. Bayan ya warke sai ya miƙa wuya ga Bert Gordon, wanda George C. Scott ya fito a matsayinsa, attajirin da ke zuba kuɗi ya karɓi kashi 75 cikin 100 na abin da aka ci. Shi Bert bai san wani abu wai shi suna ba, lissafi kawai ya sani. A tafiyar da suka yi zuwa Louisville, Eddie ya ci dala 12,000, aka ba shi 3,000, ya dawo masauki ya tarar budurwarsa Sarah ta kashe kanta saboda wulaƙancin Bert da kuma watsin da shi Eddie ya yi da ita. A ƙarshe ya koma ya doke Fats har Fats ya ce ya haƙura. Ya sami kalmar da ya daɗe yana nema, amma Sarah ta tafi, Bert kuma ya haramta masa sake shiga manyan ɗakunan wasa.

Bayan shekara 25, a 1986, Martin Scorsese ya ɗora labarin a fim ɗin The Color of Money, wanda ya ba Paul Newman kyautar Oscar. A nan abin ya juya. Eddie ya tsufa, ya zama shi ne mai zuba kuɗi, ya tsinci wani yaro, Vincent, wato Tom Cruise. Darasin da yake ta koya masa shi ne yadda ake faɗuwa da gangan. Yaro kuwa ya kasa, shi dai a tafa masa. Sai da suka haɗu a gasa a Atlantic City, Eddie ya doke Vincent, yana murna ƙarfinsa ya dawo. Can sai ga Vincent ya zo da ambulan mai dala 8,000, ya ce ga rabonka, ai da gangan na faɗi, na sa kuɗi a kan kai ne za ka ci. Wallahi mai karatu, duk sanda na zo wurin nan sai na tsayar da fim ɗin na dubi fuskar Newman. An ba shi kuɗi, an ƙwace masa nasara. Dafin da ya haɗa da hannunsa ne aka ɗura masa. Ya janye daga gasar, ya mayar da ambulan, ya ce shi wasan gaskiya yake so.

Kada ka ce ai fim ne. Abin da ya faru a waje ya fi na fim ban mamaki. Akwai wani ɗan caca mai suna Rudolf Wanderone, wanda ake yi wa laƙabi da New York Fats. Da fim ɗin 1961 ya karɓu, sai ya fito ya ce ai shi ake nufi, ya ɗauki sunan Minnesota Fats ya maƙala wa kansa. Tevis ya yi ta musantawa, yana cewa shi ya ƙirƙiri mutumin daga kansa, amma ina! Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, sai ga shi na Wanderone ya rufe har ya yi saura. Bai taɓa cin wata babbar gasa ba, amma ya zama ɗan wasan da aka fi sani a Amurka, saboda baki da barkwanci da cika baki a talbijin.

Sa'ansa kuwa Willie Mosconi, wanda su biyun duk a 1913 aka haife su, ya ci kambun duniya sau 15 tsakanin 1941 da 1957. A 1954 ya jefa ƙwallo 526 a jere ba kuskure, bajintar da sai a 2019 aka samu wanda ya wuce ta a hukumance. Shi ne ma ya koya wa Newman riƙon sanda a fim ɗin. Mutum ne mai kwat da nakatayel, wanda ya tsani a haɗa wasan da damfara. A watan Fabrairun 1978 aka haɗa su a otal ɗin Waldorf-Astoria a birnin New York, gidan talbijin na ABC ya nuna. Mosconi ya lallasa Fats. Amma 'yan kallo da dama Fats suka tafi gida suna ba da labari, don shi ya ba su dariya. Ɗaya na da aiki, ɗaya na da suna, kuma kowanne cikinsu ya ci abinci da abin da yake da shi.

Shi kuma Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda da yawa ke ganin ba a taɓa yin kamarsa ba, matsalarsa daban. Ya tashi yana yaro a ɗakin wasan kawunsa a Manila, har barci yake a kan teburi. Ya ƙware har ya rasa mai karawa da shi a gida. Da ya je gasa a Houston a 1985, sai ya shiga da sunan Cesar Morales, don kada labarinsa ya riga shi isa. Ya cinye gasar, asiri ya tonu. Daga nan ƙofar ɓuya ta rufe, sai ya rungumi sunansa. A 1996 ya doke Earl Strickland 120 da 117 a Hong Kong a kan dala 100,000, a 1999 ya ci kambun duniya a Cardiff, a 2006 kuma ya ci dala 500,000 a gasa ɗaya. Shi kam sunan ya biya shi. Amma mutum nawa ne Efren Reyes? Mafi yawan masu wannan rayuwa ba su kai gwanintar da suna zai ciyar da su ba, ɓuyan kuma ba ya ɗorewa. Yau da kowa ke da waya mai kyamara, baƙo na shiga ɗakin wasa za a ɗauki hotonsa a tura wa abokai, kafin ya goga wa sandarsa alli an san ko wane ne.

Ko a nan gida na ga ƙaramin misalin abin. A unguwarmu akwai wata rumfa da aka ajiye teburin sunuka, ƙa'idar wurin wanda aka ci shi ke biyan kuɗin teburi. Akwai wani yaro da ya fi kowa, kuma ba ya ɓoyewa, in ya ci ka sai unguwa ta ji. Ba a daɗe ba ya zama ɗan kallo, don da ya ɗauki sanda sai kowa ya tuna an aike shi. Akwai wani kuma, shiru-shiru, kullum da kyar yake ci, kullum kuma yana da abokin wasa. Sai da na daɗe ina lura na gane da kyar ɗin nan tasa ba ta taɓa kuskure ba. Na farkon ake yabo, na biyun ke buga wasa kyauta har dare.

To wa ya fi wani? Ni dai ga inda na tsaya. Mai ɓoye iyawarsa don kuɗi, kullum sai ya ƙasƙantar da baiwar da Allah ya ba shi, kuma duk abin da ya ci daga aljihun wanda ya yaudara ya fito. Shekara ashirin yana faɗuwar ƙarya, wa zai shaide shi ranar da ya yi ta gaskiya? Mai neman suna ido rufe kuwa, irin Eddie na farko, ya miƙa linzaminsa ga bakin mutane, sai inda suka ja shi. Abin da finafinan biyu suka nuna mini shi ne Eddie bai sami natsuwa da dala 18,000 ba, bai samu da furucin Fats ba. Sai da ya tsufa ya gane abin da yake so: ya buga iya ƙarfinsa, da wanda shi ma ya buga iya ƙarfinsa, ko ya ci ko a ci shi. Wannan a Hausa mutunci ake ce masa, kuma an ce madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Teburin caca kuwa an gina shi ne a kan ɗaya ya ruɗi ɗaya, shi ya sa da wuya mutunci ya zauna a kansa.

Na san wasu masu karatu marubuta ne, wasu 'yan fim. Tambayar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Akwai wanda ya rubuta labari aka biya shi, aka sa sunan wani a kan fosta. Akwai jarumin da yara ke bin sa a titi suna kiran sunansa, alhali kuɗin haya na neman gagarar sa. Akwai mai lalata aikinsa da gangan don wai haka kasuwa ke so, wanda a ganina bai da bambanci da Vincent mai ambulan. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, wata rana dole a ajiye ɗaya. In ranar ta zo, ina roƙonka ka duba wadda za ka iya kallon 'ya'yanka da ita ba ka sunkuyar da kai ba.

In ka sami dama ka nemi finafinan nan biyu, ka fara da na 1961. Baƙi da fari ne, kuma yana tafiya a hankali, sai ka yi haƙuri da shi. Ka lura da wurin da Fats ya wanke hannu, ka lura da wurin ambulan. In ka gama, ka aiko mana da naka ra'ayin, mu ji ko kai ma a can ka tsaya. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya kuma rufa mana asiri, amin.