Na'urar da Muka Ƙwato daga Hannun 'Yan Gwangwan

A hutun da ya wuce Umma ta sa mu share ɗakin ajiya. A ƙasan wani kwali muka tarar da wata farar na'urar gem mai tambari kamar dodon-koɗi. Ashe ta Kawu ce, sunanta Dreamcast. Yaya ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, mu kuwa muka roƙa a jona ta da talabijin tukuna. Sai ga shi ta kama!

Kawu ya ba mu tarihinta. Kamfanin Sega na Japan ne ya fitar da ita a 1998. A 2000 PlayStation 2 ta fito, ga gem ga kallon fim ɗin DVD, sai jama'a suka koma can. A 2001 Sega ya daina ƙera ta.

Da muka ba 'yan ajinmu labari, dariya suka yi, suka ce ai ta girme mu. Gaskiya ne, amma ba su ga katin ajiyarta ba. A jikin hannun wasa ake soka shi, kuma yana da ɗan allo da maɓallai nasa. A wasan Sonic Adventure mukan zuba wata 'yar halitta mai suna Chao a ciki, mu cire katin mu ci gaba da renonta ko an ɗauke wuta. Tana kuma da wurin jona wayar tarho don shiga intanet, tun kafin a haife mu.

Abin da ya fi burge mu shi ne ramukan jona hannu guda huɗu da ke gabanta. PlayStation 2 biyu kawai gare ta. Mu huɗu ne a gida, kuma kullum Auta ake bari tana kuka idan ana gem a waya. Yanzu muna buga Virtua Tennis biyu-biyu, ba mai jiran layi. Ranar Asabar ita da Yaya suka lallasa mu, kuma tun daga ranar bai sake maganar 'yan gwangwan ba.

'Yan uwa ɗalibai, idan kun ga tsohon kaya a gida, ku gwada shi kafin a ɗora shi a sikeli. Masu yi mana dariya kuma, ƙofa a buɗe take ranar Asabar.