Minti Uku a Gaban Mma

Gasa iri biyu muke yi a ƙungiyarmu ta koyon magana a bainar jama'a da ke unguwar Nyanshegu a Tamale, kuma kowa ta farko yake so: ka shirya jawabinka a gida, ka zo ka zuba, a tafa maka. Ta biyu ita ce gasar tantance jawabi, wadda ba a rububinta. Wani ne zai yi magana, kai kuma ka miƙe a gaban mutane ka faɗi inda ya dace da inda ya kauce, yana zaune yana kallonka. Tsarin mun aro shi ne daga Toastmasters, ƙungiyar da Ralph Smedley ya kafa a Santa Ana ta Amurka a 1924. Ajin wata makaranta muke ara ranar Asabar da la'asar. Cikinmu akwai ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Tamale, da ɗaliban jami'ar UDS, da wasu 'yan kasuwar Aboabo. Da Turanci ake taro, amma da an tashi sai Dagbanci da Hausar Zango su cika tsakar makarantar.

Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. Baƙo zai yi jawabin minti 5 zuwa 7. A fitar da masu gasa, a ba su minti 5 su tsara abin da suka rubuta, sannan a riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi minti 2 zuwa 3. Mai kula da lokaci zai ɗaga koren kati a minti 2, rawaya a biyu da rabi, ja a minti 3. Wanda ya wuce uku da rabi ya fita daga gasa. A takardar alkalai, zurfin nazari maki 40 ne, shawarwarin gyara 30, salon isarwa 15, naɗe bayani 15.

Ranar da na shiga, ana cikin hunturu. Da aka kira baƙuwa sai gabana ya faɗi. Dattijuwa ce, tsohuwar shugabar makarantar firamare, sa'ar mahaifiyata. A Dagbon yaro tsugunawa yake ya gai da babba, mu ma a Zango da haka muka tashi. Yanzu ga maki 30 cur da ba zan samu ba sai na gaya wa wannan baiwar Allah kuskurenta a gaban jama'a.

Ta fara da kiran sunayen 'yan aji kamar yadda ta saba kowace safiya, tana amsa wa kowane da kanta. Ta kira suna na huɗu, ta yi shiru. Ta sake kira. Ɗakin ya yi tsit. Yarinyar ta bi motar dare zuwa Kumasi yin kayayo, dakon kaya a ka, kamar yadda 'yan matan arewacin Gana da yawa ke yi a kasuwar Kejetia ta Kumasi da kasuwannin Akara. Mma, kamar yadda muke kiran dattijuwar, ta ba mu labarin yadda ta bi sawunta har Kejetia, tana leƙa fuskokin yara a ƙarƙashin manyan kwanonin da suke ɗauke da su. Daidai inda ta ce ta hango ta, muryarta ta yi ƙasa, ta juya wajen allo tana goge ido, na baya ba su ji komai ba saboda ƙarar fanka. Da ta juyo sai ta shiga lissafa dalilai: talauci, rani mai tsawo da babu aikin gona, tara kayan ɗaki. Kati ja ya tashi, ta zauna. Ba ta faɗa mana ko yarinyar ta dawo ba.

A waje, ƙarƙashin dogonyaro, minti biyar ɗin nan suka wuce kamar ƙiftawar ido. Aka karɓe takardunmu. Wani ɗalibi da ke gefena ya ce shi yabo kawai zai yi, ba zai iya gyara wa uwa magana ba. Na fahimce shi sarai. Amma na riƙa tuna cewa matar nan ta hau adaidaita, yalo-yalo ɗin nan namu, ta ratso gari domin a taya ta gyara wannan jawabi. Da tafi take nema, da ta samu a gida. Ina ganin wanda ya rufe ta da yabo ya sallame ta hannu wofi bai girmama ta ba.

Da aka kira ni na ɗan rusuna. Na ce: "Mma, da izininki." Ta gyaɗa kai. Na fara da kiran sunayen, na bayyana dalilin da ya sa ya kama mu: ta mai da mu 'yan ajinta, kowa ya ji kujerar da babu kowa a kai. Sannan na zo inda nake tsoro. Na ce lokacin da ta juya wa jama'a baya, ta ɓoye mana abin da ya fi komai ƙarfi a jawabin, don hawayenta ba abin kunya ba ne, hujja ce. Na roƙe ta ta tsaya ta fuskance mu, ta yi numfashi, ta faɗi jimlar da ƙarfi. Na ce dalilan da ta jera a ƙarshe duk mun san su, a unguwanninmu muke ganinsu, don haka ta rage su zuwa ɗaya, ta ba yarinyar mintin da ya saura. Katin rawaya na sama na naɗe, na zauna hannuna na rawa.

Na zo na biyu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ci, kuma ta cancanta: ita ba faɗa kawai ta yi ba, takawa ta yi zuwa inda Mma ta tsaya, ta maimaita jimlar tana kallon mutane, har na baya suka ji bambancin da kunnensu.

Ana kwashe kujeru Mma ta yafito ni. Na tsuguna. Ta ce: "Ɗana, ta dawo. Ta gama makaranta, tana ɗinki a Sakasaka." Ta ce iyayen yara za ta yi wa wannan jawabi a taron makaranta, da Dagbanci, shi ya sa ta zo a gwada ta tukuna. Ta karɓi takardata ta kwafe gyare-gyaren biyu a bayan ambulan, sannan ta tambaye ni wanne daga cikin dalilan uku zan bari. Na ce kayan ɗaki, tunda iyaye mata ne za su fi yawa a wurin. Ta ja layi a ƙarƙashinsa.