Kakana Ɗan Dabo

Ni haifaffen Gwandu ne, garin da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, kuma gidanmu gidan allo da tawada ne. Amma mahaifiyata mutuniyar Kalgo ce, can kusa da Birnin Kebbi, kuma ubanta ɗan dabo ne. Wannan magana ban taɓa faɗinta a bainar jama'a ba sai yau. Tun ina yaro, in an tambaye ni sana'ar kakana sai in ce manomi ne. Ba ƙarya na yi ba, yana noma, amma na san abin da nake ɓoyewa.

Dalili kuwa shi ne, sa'ad da ubana ya nemi aurenta, danginsa sun ce ba su haɗa zuri'a da matsafi. Sai da tsohon ya yi alkawarin rataye jakar wasansa sannan aka shafa fatiha. Tun daga ranar bai sake tara mutane a kasuwa ba.

Bara malaminmu na wasannin gargajiya ya ce kowa ya koma garinsu ya yi hira da wani mai sana'ar ba da nishaɗi. Na shiga cigiyar ɗan dambe, sai mahaifiyata ta ce, "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ba ga Baba can Kalgo ba?" Kunya ta kama ni, na shirya na tafi.

Na iske shi a zaure yana tufkar igiya. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya yi dariya ya ce, "Abokina, yau malamman Gwandu anka aiko wurin ɗan dabo?" Ya sa aka ɗauko masa wani tsohon kwabo mai huji, irin wanda ake kashewa kafin Naira ta fito a 1973. Ya sa shi a hannun hagu, ya dunƙule, ya ce in hura. Ya buɗe, wayam. Sai ga shi ya zaro kwabon daga bayan kunnena. Ni da nake aji uku a jami'a, sai da gabana ya faɗi.

Daga nan ya maimaita a hankali. Ashe kwabon bai taɓa barin hannun dama ba, maƙale yake a tsokar tafi. Abin da ya ci ni shi ne, ya zuba wa hannun hagu ido, ni ma na bi shi da kallo. Ya ce aikin makaɗinsa ke nan a da: in ganga ta yi tsawa, idon taro ya koma can, hannu ya gama aikinsa. Watau abin da muke kira siddabaru ko rufa-ido jarinsa uku ne: saurin hannu, da zaƙin baki, da sanin inda idon ɗan Adam ke zuwa. Ya ce shekara biyu ya yi yana juya kwabo kafin maigidansa ya yarda ya fita fili.

Na ce, "To Baba, don me ba ka gaya wa mutanen Gwandu haka ba?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Laihina guda na. Mutane sun ce ina da aljannu, ni ko ban ce musu babu ba, don shi ka tara jama'a." Ya kuma yarda cewa akwai abokan sana'arsa da suka fake da wannan tsoro suna sayar da layun banza, suna cin kuɗin talakawa. Saboda haka zargin malamai yana da tushe, ko da yake a kansa bai faɗa daidai ba.

Na ɗauki minti arba'in a wayata, na ce sai na dawo hutu mu ƙarasa. Kafin hutun Allah ya yi masa rasuwa. Ban tambayi sunan maigidansa ba, ban tambayi kasuwannin da suka zaga ba, ban ji kirarin da makaɗin ke yi masa ba. Duk sun bi shi kushewa.

Bayan haka ne na karanta labarin wani ɗan dabo na Amurka, Ricky Jay, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2018. Gwani ne na wasa da kati, amma bai tsaya nan ba. Ya yi ta tara tsofaffin takardun tallar wasanni, har a 1986 ya fitar da littafi kan masu wasan ban mamaki na da. A ciki akwai Matthias Buchinger, Bajamushen da aka haifa a 1674 ba hannu ba ƙafa, tsawonsa inci 29, amma yana dabo yana kuma zayyana rubutu. Mutumin da ya mutu kusan shekara ɗari uku ke nan, ga shi an san shi, don wani ɗan sana'arsu ya ɗauki alƙalami. A nan Nijeriya ma ana tuna Farfesa Peller, mutumin Iseyin da ya koyo dabo a Indiya, aka kashe shi a Ibadan a 1997, domin jaridu sun rubuta shi.

Mu fa? Makaɗanmu sun yi sa'a, ga Shata an rubuta tarihinsa a littafi guda a 2006. Amma 'yan dabo da gardawa da 'yan tauri da 'yan kama, yawancinsu suna can ƙauyuka suna tsufa, jikokinsu kuwa muna nan jami'a muna cewa manoma ne.

'Yan'uwana ɗalibai, rubuta tarihin mutum ba yarda da dukan aikinsa ba ne. Wanda yake da irin wannan tsoho a gida, ya je masa wannan hutun, kada ya ce sai na gaba. Kwabon nan mai huji yana wurina, har yanzu ban iya maƙale shi ba. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, amin.