Jarrabawa A Bakin Gadon Majiyyaci

Ya ku 'yan makaranta, musamman ku da ku ke burin zama likitoci, ku matso ku ji labarin wata jarrabawa wadda alƙalami shi kaɗai ba ya cinta. Mu kanmu ba mu san nauyinta ba sai da ta ka da wani yaro da mu ke alfahari da shi.

Shekarar da mu ka fito kwalejin horon malamai aka ba mu aji, a cikinsa kuwa akwai wani yaro mai kaifin hadda. Kome mu ka rubuta a allo, gobe sai ya maido mana da shi, ko wasali bai sauya ba. Mu kuwa kullum mu na ba shi na ɗaya, mu na kafa wa 'yan'uwansa misali da shi. Ya gama sakandare, ya shiga jami'a karatun likita, wanda a ke yi shekara 6. Ran nan sai ga shi ya zo gaishe mu, jikinsa duk a sanyaye. Ya ce, "Malam, na faɗi." Mu ka ce, "Kai? Wace takarda ce ta gagare ka?" Ya ce, "Takarda na ci ta, Malam. A bakin gado na faɗi."

Ga yadda abin ya ke. Jarrabawar ƙarshe ta likita kashi biyu ce: akwai ta rubutu, akwai kuma ta gwaji a asibiti. A ta gwajin a kan kai ɗalibi wurin majiyyaci na gaske, a ba shi misalin sa'a guda ya tambaye shi, ya dudduba shi, ya ƙirga bugun jijiyarsa, ya saurari ƙirjinsa. Sa'an nan manyan likitoci su zo su tsaya, su ce ya faɗi abin da ya samu da abin da zai yi. Wanda ya faɗi a nan kuwa ya faɗi ke nan, kome kyawun rubutunsa.

Shi an ba shi wata tsohuwa mai kumburin ƙafafu da haki. Ya jero musu cututtukan da ke kawo kumburi tiryan-tiryan, kamar ya na karanta littafi. Da ya gama, sai babban likitan ya ce, "To, madalla. Matashin kai nawa ta ke tarawa kafin ta iya barci?" Yaro ya yi tsuru-tsuru, don bai tambaya ba. Ashe tsohuwar ta yi kwanaki a zaune ta ke kwana. Dalili kuwa, in zuciya ta raunana, ruwa ya kan taru a huhu, da mutum ya miƙe a kwance sai numfashi ya ƙi. Wannan ya na cikin littafin da ya haddace, har shafin ya sani. Amma tsohuwar ta na gabansa, amsar ta na bakinta, bai nema ba.

Kada ku ce mugunta aka yi masa. Masu wannan sana'a sun daɗe su na neman hanyar da za a gwada ɗalibi bisa adalci, gama wani ya kan dace da majiyyaci mai sauƙi, wani ya gamu da mai wuya. Saboda haka a shekarar 1975 wani likita, Ronald Harden, da abokan aikinsa a Dandi ta ƙasar Sikotilan, su ka bayyana wata dabara. A jera tashoshi, kowace da aikinta, ɗalibi ya yi 'yan mintoci a wannan, a kaɗa ƙararrawa ya wuce ta gaba, mai jarrabawa na riƙe da takarda ya na duba abin da ya yi da abin da ya bari. Kowa tashoshin nan zai bi, ba son kai. Yau makarantun likita da yawa a duniya da ita su ke aiki. Bayan an ci kuma da saura, gama a Nijeriya Majalisar Likitoci, wadda aka kafa a 1963, izinin wucin gadi ta kan ba da fari, sai mutum ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakke. Duk wannan tsanani don ran mutum ne, shi kuwa rai ba a sake masa jarrabawa.

Da yaron ya tafi, mu ka zauna mu ka yi wa kanmu hisabi. Wa ya koya masa cewa ilmi shi ne maido da abin da aka faɗa? Mu ne. Shekara da shekaru mu na yaba bakinsa, ba mu taɓa gwada idonsa da kunnensa ba. Tun daga ran nan mu ka sake hali. In za mu koyar da tsiro, sai mun sa kowa ya tono wake ya duba saiwarsa. In yaro ya ba mu amsa, sai mun ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Bayan 'yan watanni ya koma ya sake zama. Ya gaya mana wannan karo wani dattijo aka ba shi, ya durƙusa ya ce, "Sannu, Baba, me ke damunka?" Sa'an nan ya yi shiru har dattijon ya gama. Ya ci.

To, ku yi hadda, ba mu hana ku ba, gama wanda bai san littafin ba ko an gaya masa zancen matashin kai ba zai gane ba. Amma ku koyi duba, ku koyi saurare, tun ku na kan benci. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, mu kuma ya yafe mana kurenmu.