Katin Da Ke Cikin Ledar Burodi

Mun bar Kano da asuba a tsakiyar Agusta, ana marka. Kafin hantsi mun wuce Kura, muka saki titin Zariya muka nufi Bebeji. Ko'ina kore shar, masara ta fi mutum tsayi. Manomi ya kalli wannan ya ji sanyi a ransa, amma malamin asibiti ya san watan aiki ya kama. Daga Yuli zuwa Oktoba ne zazzaɓin cizon sauro ke kayar da yara, kuma daidai lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, kuɗin gida sun tafi ga taki, sabon amfani bai iso ba.

A barandar wani ƙaramin asibitin ƙauye na tarar da mata jere a kan benci, kowacce da goyo. Da layi ya zo kan wata, sai ta kwance bakin mayafinta, ta ciro ledar burodi da aka ninke sau uku. Katin taimakekeniyar lafiya ne a ciki. Ɗanta bai wuce shekara biyu ba, jikinsa ya yi rau tun daren jiya. Malamin ya soki yatsarsa, ya ɗiga jinin a ɗan farin allon gwaji, muka zuba ido. Bayan kamar minti goma sha biyar layi biyu suka fito. Ya ba ta maganin kwana uku, ya ce ta riƙa haɗa masa da nono ko abinci mai maiƙo, kada ta tsaya don ta ga ya miƙe. Ko sisi ba ta biya ba.

Na ce mata, "Baiwar Allah, kafin katin nan yaya kike yi?"

Ta ce, "Malam, sai maigida ya samo. Kafin ya samo kuwa, kwana uku."

Kwana ukun nan su na yi ta juyawa a raina har ƙarshen tafiyar.

Katin yana da tarihi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Kano na da mazaɓu 484. A 2016 jihar ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, sannan a Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Ma'aikaci ana yankar nasa a albashi. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu da marasa ƙarfi, gwamnati ce ya kamata ta biya musu. Asibiti na karɓar kuɗi gwargwadon mutanen da suka yi rajista da shi, ko sun zo ko ba su zo ba. Wanda ya zaɓi kalmar "taimakekeniya" ya san mutanensa: ka ce wa dattijo inshora ya yatsine fuska, ka ce masa gayya ce ko adashi ya gyara zama.

A Kwanar Ɗangora, cikin Ƙiru, muka tsaya shan shayi kusa da wani kemis. Ban gama kofina ba na ga magidanta biyu sun sayi rabin maganin zazzaɓi, wai in Allah Ya hore a dawo a cika. Ban ga laifinsu ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa, aljihun kuwa a damina iska ce a ciki.

Abin da kwana uku ke haifarwa a yankin Tudun Wada na gan shi. Wata yarinya kwance a gado, tafin hannunta fari fat, an ɗaura mata ledar jini. Zazzaɓin ya fara kamar wasa, aka jiƙa saiwa, aka bi kemis, sai da ta fara jijjiga aka ɗauko ta. Mahaifinta ya sayar da akuyar uwar, ya kuma ci bashin da zai biya da shinkafa in an yi girbi. Na tambaye shi kati. Ya ce ya ji ana rajista, amma ranar da aka zo mazaɓarsu yana gona, da ya je aka ce gurbi ya cika. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Na sha rubuta wannan adadi a labarai. Ranar ce na fara jin nauyinsa a hannuna.

Daga nan muka ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, duwatsu na ta ƙara tsayi ta wajen Riruwai, garin kuza. Nan na gane iyakar katin. Yana biyan gwaji da magani, amma ba ya biyan ɗan acaɓa, ba ya cike rafi. Wani mai unguwa ya ce mini, "Ɗana, mai katin ma wani lokaci rubuta masa ake yi ya je waje ya saya." Idan kuɗin gwamnati bai sauka a kan lokaci ba, kantar magani ta bushe, uwa ta dawo gida ta gaya wa kishiyarta da maƙwabta, gobe ba mai zuwa.

Da la'asar sakaliya muka juyo, direba na sauri kada magariba ta same mu a daji. A bakin hanya wata mata ta ɗaga mana hannu, goyonta lulluɓe da tawul duk da ba a sanyi. Muka matsa ta shiga. Na tambaye ta kwana nawa yaron ya yi. Ta ɗaga yatsu huɗu.