INA ZAFIN DUNIYAR DA A KE FAƊI?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka, in gaya wa 'yan'uwa masu karatu wata wauta da na yi a bazarar bana, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin hasarar da ta same ni.

Ni akawu ne a nan Ƙauran Namoda. A bayan ɗakina akwai ɗan fili, tsawonsa taku 12, faɗinsa taku 8, inda na ke shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo da tumatir da barkono, ga kuma zogale biyu a jikin katanga. Da can don sha'awa kawai na ke yi, amma yanzu ya zama mini rumbu. Kowa ya san halin da mu ke ciki. Manoma da yawa na ƙasar Zurmi da Shinkafi ba su iya zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga, waɗansu ma sun baro ƙauyukansu sun dawo gari. Kayan miya sun yi tsada, saboda haka ɗan abin da mutum ya tsinka a bayan ɗakinsa ba abin rainawa ba ne.

To, ana tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan hana mutum kwana a ɗaki, sai ga hadari ya taso daga gabas. Aka kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi sai ka ce marka, har kwana uku ba mu ga rana ba. Sanyi ya sauko, mata suka ciro bargunan da aka naɗe tun bayan hunturu, yara suka kama mura. Ran na uku da maraice muna zaune a ƙofar gida, sai maƙwabcina, wani dattijo malami mutumin Zurmi, ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam Akawu, ina zafin duniyar nan da ku 'yan boko ku ke ta faɗi? Ga mu cikin bazara muna jin wuta." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma abin ya ɗaure mini kai." Ya ce, "Ai haka duniya ta ke tun fil'azal. An yi yunwar Kakalaba a 1914, mota nawa ke ƙasar nan a lokacin?" Na rasa ta cewa.

Maganar nan ta shige ni. Na ce a raina, watakila damina ce ta zo da wuri. Kashegari na ɗauki fartanya na shuka dukan irin da ke gare ni, har da irin kuɓewa da surukata ta taho da shi daga ƙauyensu na wajen Shinkafi, ƙauyen da yanzu ba kowa a cikinsa. Tumatir da na yafa ya ruɓe tun yana tsiro, don laima ta yi masa yawa. Sa'an nan ruwa ya ɗauke ƙaf har kwana 26, zafi ya komo ya fi na da, rijiyarmu kuwa ta ja baya, ko na sha sai da dabara. Ina gani kuɓewar nan ta yi ganye huɗu, ta yi yaushi, ta bushe. Ba kuɗin irin ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ba inda zan sake samun irinsa, tsohuwar kuwa ba ta ce mini kome ba, shirun nan nata ya fi mini faɗa ciwo.

Abin mamaki, Malam da ya yi mini dariya bai shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Yaro, ruwan bazara maƙaryaci ne, lissafin taurari bai kai ba tukuna." Ya yi shiru, kana ya ce, "Ko da ya ke lissafin ma yanzu ba ya faɗuwa daidai kamar zamanin mahaifina."

Wannan ya sa na zauna na yi tunani irin na aikina. In mai kanti ya yi ciniki mai kyau ran kasuwa, ba za a ce ya ci riba ba sai an rufe littafin shekara. Cinikin yini ɗaya dabam, lissafin shekara dabam. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, gaskiya ne kuwa, amma ruwan da ya dake ka a ƙofar gidanka ba shi ne labarin duniya duka ba. Sanyin kwana uku a Ƙaura cinikin yini ɗaya ne. Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Iskar da ke kawo mana ruwa daga Tekun Atlantika ta ke tasowa, ta kudu maso yamma, ta yi ta ture busasshiyar iskar Hamada zuwa arewa. Wani lokaci ta kan leƙo kafin ta yi ƙarfi, ta zubar da ruwa, gajimare ya tare rana, gari ya yi sanyi, sa'an nan ta koma.

To, me babban littafin ya nuna? Tun 1896 wani masani mutumin Suwidin, Arrhenius, ya lissafta cewa in hayaƙin da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa ya yawaita a sama, zai riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. A 1958 aka fara auna iskar nan kullum a kan wani dutse a tsibirin Hawai, aka sami kashi 315 cikin miliyan. Yanzu ta wuce 420, kafin zamanin injuna kuwa wajen 280 ce. A watan Janairu na 2025 Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa 2024 ta fi dukan shekarun da aka taɓa aunawa zafi, ta ɗara zafin ƙarshen ƙarni na 19 da wajen digiri ɗaya da rabi. Ba mu manta azumin shekaran nan ba. Ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Wani zai ce, in zafi ke ƙaruwa, ina dalilin yawan ruwa? Jama'a, ku dubi tukunya a kan murhu. Gwargwadon wuta, gwargwadon tururi. Masana sun ce duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, ta kan ƙara ɗaukar tururi wajen kashi 7 cikin 100, in kuwa ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa a lokaci guda. A shekaran nan ta 2024 mai zafi ruwa ya ci Gummi a watan Agusta, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba, ran 10 ga Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Ashe ruwa mai yawa ba ya ƙaryata zafi, sau da yawa ma ɗansa ne.

Amma kada in zalunci Malam, maganarsa da gaskiya a ciki. Fari da yunwa ba baƙinmu ba ne. Bayan Kakalaba an yi farin 1973 da na 1984, iyayenmu suna ba da labarinsu har yau. Ban kuma ce ruwan kwana ukun nan hayaƙin injuna ne ya kawo shi ba, don an saba ganin irinsa. Ba kuwa kowane laifi za mu ɗora wa ƙasashen Turai ba, ko da ya ke abin da Afirka duka ke fitarwa na hayaƙin nan bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Mu da hannunmu mu ke sare itatuwa muna gawayi, mu ke gina gidaje a kan hanyar ruwa a bakin Gagare da Bunsuru. Abin da na ke cewa shi ne, mai shakka ya yi shakkarsa a zaure, amma kada ya kai ta gona kamar yadda na yi.

Ga shawarata ga masu lambun gida. Kada ka shuka da ruwan farko sai ka tona ƙasa ka ga laima ta kai zurfin tafin hannu, ka kuma ga ruwa na biyu ya biyo baya. Ka raba irinka kashi uku, kada ka zuba shi duka rana ɗaya. Tumatir da barkono a rene su a tsohon kwano mai huji ƙarƙashin rumfa, a dasa su a kan kunya mai tudu don kada ruwa ya kwanta musu. A rufe gindin shuka da ciyawa, a zuba takin gida, ƙasa ta riƙe laima.

Ina kuma roƙon malaman makaranta abu guda. A makarantar Mishan da na yi akwai gwangwani a tsakar fili, kowace safiya yaro ɗaya ya kan auna ruwan da ya taru da ma'auni, ya rubuta a littafi. Muna ganin abin wahalar banza ne, sai yanzu na san amfaninsa. In kowace makaranta a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ta yi haka shekara goma, za mu sami littafinmu na kanmu, ba sai an gaya mana daga nesa ba. Hukumar NiMet kuma tana fid da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ya kamata a fassara shi da Hausa sosai, a karanta a rediyo da masallatai da kasuwar Shinkafi ran Alhamis, a gwama shi da lissafin malamanmu.

Ni dai na sayi littafi na fara rubutawa. Malam kuwa ya ba ni irin kuɓewa cikin tafin hannu daga nasa, ya ce kada in shuka sai ya gaya mini. Na ce na ji, amma sai na tona ƙasa tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya manoma su koma gonakinsu, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu,
Ƙauran Namoda.